Ganye a Kan Kwalta

Ƙarar shayi ce a kan faranti. Duk wadda ta daɗe a gidan miji ta san muryar shayi idan ya shiga kofi, tana farawa da kauri, tana sirancewa yayin da kofin ke cika. Ran nan da safe ina tsugune ina hura wuta, sai na ji wata ƙara daban a bayana, irin ta ruwa a kan ƙarfe. Na waiga na ga Malam riƙe da butar shayi yana tsiyayawa a gefen kofin, tsakaninsu kamar yatsa biyu. Shi ma kunnensa ne ya gaya masa, don nan take ya matsar da hannu, ya ce wai bakin butar ne ya lanƙwashe. Na karɓi butar na jujjuya ta, ban ga inda ta lanƙwashe ba. Na goge farantin. A zamaninmu mace ba ta tsare miji da tambaya a kan shayi.

Malam, mai gidana, direba ne. Babbar mota yake ja, mai bodin katako, ta wani Alhaji a nan Birnin Kudu. Ranar kasuwa ya ɗauki dawa da gyaɗa da mutane a saman buhuna ya nufi Gwaram, wani lokaci kuma a tura shi Kano. Yaran yanzu ba za su gane girman direba a wancan lokaci ba. In ya sauko daga mota sai a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi wasiƙa ya kai, a tambaye shi labarin duniya. Ni na yi makarantar 'yan mata a Kano, na iya karatu da rubutu har da Turanci, shi kuwa ilminsa na allo ne, amma ban taɓa jin na fi shi sanin komai ba. Hanyar Gwaram a lokacin burji ce, kuma ya haddace ta kamar yadda ya haddace Tabara. Yakan ce hanya tana magana, sai dai ba kowa ke saurare ba. Inda gargada ta fara kaɗa masa haƙora, ya san an kusa mararrabar Wurno. Inda tayoyi suka yi shiru cikin yashi, ya san tsamiya tana hannun dama kuma kwana na tafe. Gadar katako tana da ƙara uku, ta huɗun ka hau tudu. Yana ango ya taɓa ce mini, “Ko an ɗaure mini ido da rawani zan kai ki garinku.” Na yi dariya a lokacin.

Sai ga mutane da wani abu mai ƙafa uku suna leƙawa ta ciki, suna kafa turaku masu jan kai a gonakin mutane. Babu wanda ya yarda da su. Wasu suka ce awon haraji ne, wasu suka ce mai ake nema, tunda an ce ƙasa ta yi arzikinsa. Surukata, Goggo, ta hana a tuge turken da aka kafa a bayan rumbunta, ta kuma hana kowa taɓa shi. Da katafila ta zo ta tafi, aka shimfiɗa kwalta, sai muka ga hanyar ta miƙe ɗoɗar, ta bar tsamiya a can gefe, ta bar garuruwan da tsohuwar take ratsawa. Goggo ta tsaya ta dube ta, ta ce, “Wannan hanya ba ta da tarbiyya. Tana wuce gari ba ta gaida kowa.” Yanzu ina jin jikokina suna ƙorafin rami a titi, sai in tuna cewa mu santsin muka ji tsoro.

Kusan a jere da wannan aka ce an canja hannu. Duk motar ƙasar nan da ke bin hagu ta koma dama. Rediyo ba ta da wata magana sai wannan, safe da yamma. Aka kakkafa alluna a bakin hanya, masu jan baki, masu kibiya, masu zanen da ba mu taɓa gani ba. A Kano kuma aka ce an ƙara danja a manyan mararraba, kuma shataletale ma yanzu ta ɗaya ɓangaren ake kewaya shi. Malam ya dawo daga Kano wata rana ransa a ɓace, ya zauna bai ko cire hula ba.

“Da ɗan sanda ne a tsaye da farin hannun riga,” in ji shi. “In ya ɗaga maka hannu ka san mutum ne ya tsayar da kai, in ka gaishe shi ya amsa. Yanzu wai fitila a kan sanda ce za ta ce mini tsaya. In ta yi ƙarya wa za a kama?”

Na ce, “Ai ja tsaya ne, kore wuce. Ba wuya.”

“Da rana tsaka duk ɗaya suke. Wanda ya kafa ta bai taɓa tuƙi cikin rana ba.”

Daga ranar ya ce wa mai motar ya ba wani tafiyar Kano. Ya ce ba ya shiri da danja. Direbobi da yawa suna zagin danja a lokacin, don haka babu wanda ya yi mamaki. Ni kaɗai na ajiye maganar kusa da ƙarar farantin nan.

Ya kawo mini wani ɗan littafi da aka rarraba musu a tasha, mai hotunan allunan, ya ce in karanta masa. Bayan la'asar nakan zauna a tabarma in buɗe, ina karantawa ina fassarawa. Na lura ba ya duban hoton. In na miƙa masa sai ya ce, “Ke dai faɗa, ni na san hanya.” Wadda ke duba ita ce 'yarmu ta fari, tana da shekara bakwai, takan kwanta rub da ciki a gefen tabarmar ta tallafe haɓa. Ita ta raɗa wa allunan sunaye. Na hanya mai lanƙwasa ta ce mai maciji. Na mashigar dabbobi mai saniya. Na matsattsiyar gada ta ce mai ƙugu, don zanen ya tsuke a tsakiya kamar mace ta ci ɗamara. Kafin mako ta haddace littafin kaf. Malam ya yi ta yi mata tambaya, tana amsawa, yana murmushi wani iri.

Allah ya yafe mini, zatona na farko ba mai kyau ba ne. Ana ta maganar wata ƙwaya da direbobi ke sha don kada barci ya ɗauke su, an ce tana sa rawar hannu da saurin fushi. Sai na shiga laluben aljihunsa duk ranar wanki. Ban taɓa samun ƙwaya ba. Goro nake samu, da carbi, sai wata rana na sami ɗan tandu na kwalli, shi da bai taɓa sa kwalli ba sai ranar Juma'a. Raina ya tafi inda ran mata ke tafiya, na kamo shi na dawo da shi, na yi istigfari. Amma na ci gaba da kallo. Na ga yana sa ƙafa yana laluben takalminsa a bakin ƙofa. Na ga maƙwabcinmu ya ɗaga masa hannu daga nesa bai amsa ba sai da mutumin ya yi sallama. Kowane ɗaya shi kaɗai ba komai ba ne. Ni ma nakan zubar da miya.

Sannan ya fara tafiya da yarinyar. Ranar da babu makaranta, sai ya ce ta shirya ta raka shi Gwaram ta gaida dangi. Daga baya har ranar da akwai makarantar. Da na yi magana, amsarsa a shirye take, kuma gaskiya ce. Motarsa tsohuwa ce, sitiyarinta a dama. Da aka koma bin dama, sai direba ya zama shi ne a bakin daji, wanda ke zaune a hagu shi ke ganin abin da ke tahowa. Duk mai tsohuwar mota in zai wuce ta gabansa sai ya tambayi na kusa da taga, akwai mota? Yaron motar kuwa yana can baya a kan kaya.

Na ce, “Ba ka da manyan fasinja da za su duba maka?”

Ya ce, “Babba in bai gani da kyau ba sai ya ce maka babu, don kada ya ji kunya. Ita kuwa abin da ta gani shi take faɗa.”

Da wata ce cikin 'ya'yana da na ja ta ɗaki na tambaye ta. Amma 'yar fari ce. Mu mutanen da, musamman mu da muka fito daga gidan shanu, ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma zama hira da shi, ba ma nuna mun damu da shi a gaban mutane. A ɗakin Goggo take kwana, a hannunta take cin abinci. In ta dawo daga tafiya ina ganinta ta wutsiyar ido, jajayen idanu, ta gaji tilis, ba irin gajiyar yaron da ya je yawo ba. Ba ta kawo labarin kasuwa, ba ta kawo labarin dangi. Ina son in rungume ta in ce me kike yi a motar nan, kunya ta hana. Yanzu ina ganin 'yan mata suna goya ɗan fari suna yi masa waƙa a gaban surukai, da can nakan yi tsaki, yanzu na daina.

Sai na ce ina son zuwa garinmu Zandam, can wajen Gwaram, in duba mahaifiyata. Malam ya ce motar ta cika. Mako na gaba ya ce birki ake gyarawa. Na uku ya ce in bari wani direba ya kai ni, motarsa ta fi laushi. Na ce tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa shiga motar wani ba, ba kuma zan fara ba. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce in shirya.

Na zauna a bakin taga, yarinyar a tsakiya a kan matashin da aka tanadar mata don ta ga gaba. Muka fita gari da hantsi, duwatsu suna wucewa, kwalta baƙa wuluk, motar ba ta ko girgiza. Ban taɓa jin mota ta yi gudu haka ba. Can sai yarinyar ta ce, cikin murya kamar ta karatu, “Mai saniya.” Malam ya ɗaga ƙafa daga totur. Muka wuce wani garke. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce wasa suke yi, yana gwada haddarta ne. Na ce madalla. Daga nan na daina kallon hanya, na koma kallon ƙafarsa. “Mai maciji,” sai ƙafar ta motsa. “Mai ƙugu,” sai hannu ya kai ga giya. Ko sau ɗaya ƙafar ba ta riga bakin yarinyar ba. Ita kuwa ta miƙe wuya, ta dafe gaban motar da hannu biyu, ko ƙiftawa da kyar take yi. Na ba ta gyaɗa ta girgiza kai ba ta dube ni ba.

Mun wuce rabin hanya, wajen wani kwana da dutse ya tare gabansa, sai na hango reshen ganye a kan kwalta an danne shi da dutse. Gaba kaɗan ga wani. Wannan ba ya cikin littafi. Alamar direbobi ce tun zamanin burji: in motarka ta mutu a inda ba a hango ta, sai ka karyo ganye ka jera a baya, mai zuwa ya san akwai abu a gaba. Malam da kansa ya koya mini ita muna amarci. Na dubi ƙafarsa. Tana nan a kan totur. Na dubi yarinyar, idonta yana sama, yana neman allo. Reshen farko ya shige ƙarƙashinmu. Na ce a raina zai gani, shekara nawa yana wannan aiki. Na biyu ya shige.

Na ce, “Malam, ganye.”

Ya taka birki da dukkan ƙarfinsa. Motar ta yi kururuwa, na tare yarinyar da hannuna, na ji mutanen sama suna salati, buhu ya faɗo. Muka sha kwanar muna ja, muka tsaya. Gabanmu wata mota ce maƙare da ƙorai, an ɗage ta da jak, ƙafafun mutum biyu sun leƙo daga ƙarƙashinta. Tsakaninmu da ita bai fi tsawon tabarma ba.

Direban ya jawo jiki ya fito, baƙin mai har goshi, ashe sun san juna. Ya dubi ganyensa da aka niƙe, ya dubi Malam, ya ce, “Sarkin hanya, yau har ganyena ka taka? Ko ka ɗauka kuka na shanya maka?”

Malam ya yi dariya ya ce birkin ne, tun makon jiya yake faɗa wa makaniki. Suka yi ta barkwanci ta taga, aka mayar da buhu. Da ya tayar da motar, sai ya sunkuya wajen yarinyar, ya yi ƙasa da murya yadda yake zaton ƙarar inji za ta rufe, ya ce, “Me ya sa ba ki faɗa ba?”

Ta ƙara miƙe wuya. Har muka isa tana kiran alluna, hawaye na sauka ba ta share ba don kada ta rasa ɗaya.

Kwana ɗaya na yi a Zandam na dawo. Na jira har Goggo ta tafi barka da yaran, gidan ya rage mu biyu, ya idar da la'asar yana zaune a kan buzu. Na durƙusa nesa kaɗan, na ce, “Tun yaushe?”

Bai yi kamar bai gane ba, wannan na gode masa har yau. Ya ce idonsa na hagu ya tafi tun damina biyu da suka wuce. Na dama kuma kamar mai kallo ta cikin hayaƙin ɗanyen itace. Kwallin kuwa, wani mai magani ne ya ba shi.

“Tsohuwar hanya ba ta taɓa neman idona ba,” in ji shi. “Da ita ce da har na tsufa babu wanda zai sani. Sun ɗauke mini wadda ke magana, sun shimfiɗa bebiya, sun rubuta komai a kan allo. Laifina ne?”

Na ce, “Ba laifinka ba ne. Amma mutum nawa ne a saman buhunan shekaranjiya?”

Na ci gaba da magana.

“Ka ɗauki ransu ka rataya a wuyan yarinyar da ko haƙoranta ba su gama fitowa ba. Da mun hau kan mutanen nan, wa za ta ce ya kashe su har ta mutu?”

“In na ajiye mota me na zama? Kin san abin da za a ce a tasha?”

Na ce na sani. Na ce tunda nake ban taɓa ƙetare maganarsa ba, amma in ya fita da motar nan gobe, zan ɗauki mayafina in je wurin mai motar da ƙafata. Ya juyo da fuskarsa wajena, na ga yana neman inda idona yake.

“Ke ce za ki tona mini asiri?”

“Ni ce zan rufa maka shi, in ka ajiye da kanka. Babu wanda zai ji daga bakina.”

Kwana uku bai yi mini magana ba, ko abincina sai Goggo ta miƙa masa yake ci. Amma motar ba ta fita ba. Ran na huɗu ya sa babbar rigarsa ya kai makulli, ya ce ciwon baya ne ya hana shi zama. Na cika alkawarina, sai yau da ya daɗe a kabari nake faɗa. Daga baya ya sami benci a tasha, direbobi suna kawo masa mota ya saurari inji ya gaya musu inda ciwon yake, kuma ba ya kuskure. Amma bai sake zama wanda ake shimfiɗa wa tabarma ba, ya kuma san wadda ta jawo. An ce yanzu irin yanar idon nan da safe ake cire ta mutum ya ci abincin rana a gidansa. Ban san ko da zai yarda ba. Har ya rasu bai yarda da kwalta ba, bai yarda da danja ba, kuma in ya ji mota ta wuce da gudu sai ya ce wannan ba ya sauraron komai.

Washegarin ranar da ya kai makullin, ina sheƙar gero a tsakar gida, na ga yarinyar ta shigo da ganyaye cike da zanenta. Ta tsuguna a gindin bango tana jera su a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, na marke, na kalgo, na darbejiya, kowanne ta danne shi da tsakuwa. Ta ja baya ta dube su, ta matso ta sake dubawa. Na ci gaba da aikina kamar ban gani ba. Sai na ji ta a kusa da ni, ita da ba ta saba tsayawa kusa da ni ba. Ta kama bakin zanena.

“Inna, ki gaya wa Baba na koyi ganye. Ya koma motarsa, ba zan sake mantawa ba.”